Ku Tambayi Kawu: tsofaffin afish na duwatsun Faransa, da namu duwatsun na Damagaram

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun buga hoton wata tsohuwar takarda da wani tela ya turo mana daga Zango, muka ce amsa na nan tafe, to kafin ma in zauna rubutu sai ga wasu wasiƙun sun biyo baya duk a kan hoton nan, shi yasa filin yau gaba ɗaya na bar masa. Masu tambaya a kan rabon gona da kuɗin lakwal ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Kawu ina wuni ina gajiya. Ni tela ne a Zango. Mahaifina Allah ya jiƙansa ya yi wa wani Bafaranshe mai koyarwa a lise aikin kuku shekarun baya, da zai koma gida sai ya bar masa ƴan kaya, ciki har da wannan babbar takardar da na turo muku hotonta. Dutse ne fari fat da ƙanƙara, sama shuɗiya, ga wasu baƙaƙen tsuntsaye suna shawagi, sai mutum ɗan mitsitsi can ƙasa sai ka ƙura ido zaka ganshi. Yaron shagona da ya yi lakwal yace rubutun da ke ƙasa roƙo ne a bar dutsen yadda yake kar a ɓata shi, a gefe kuma an sa hannu Samivel. To Kawu abin da ya ɗaure min kai, dutse ai dutse ne, wa zai iya ɓata dutse har sai an buga takarda ana roƙon mutane?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, kai kuma ya yi maka albarka da ka adana abin da ya bari baka bari an ƙunshe ƙosai da shi ba.

Mai sa hannun nan sanannen mutum ne a ƙasarsu. Samivel sunan aiki ne, sunansa na yanka Paul Gayet-Tancrède, an haife shi a Paris a 1907 ya mutu a Grenoble a 1992, garin da duwatsun Alp suka kewaye ta ko'ina. Marubuci ne, mai zane ne, yana kuma ɗaukar fim na tafiye-tafiye, amma tun yana saurayi ba abin da ya shiga ransa irin hawan dutse. Kuma yadda ka kwatanta hoton haka hannunsa yake, fenti mai ruwa-ruwa, fari ya cinye rabin takarda, ɗan adam kuwa ɗigo ɗaya. Da gangan yake yin haka. So yake mai kallo ya ji a jikinsa cewa dutsen nan ya riga shi zuwa duniya kuma ya fi ƙarfinsa, shi baƙo ne da zai wuce.

Yanzu ga tambayarka, wa zai iya ɓata dutse. Wallahi su kansu Faransawan sun daɗe da irin wannan tunanin. In ka duba afish ɗinsu na farko-farko, wato manyan takardu masu hoto irin taka da ake liƙawa a bango, ba wanda ke cewa a kare komai, kira kawai suke a zo. Akwai kamfanin jirgin ƙasa da ake ce wa PLM, mai layi daga Paris zuwa Lyon har bakin tekun Bahar Rum, shi ne ya dinga ɗaukar masu zane suna yi masa hotunan duwatsu ana liƙawa a tashoshi, wanda ya fi suna a cikinsu Roger Broders, ya yi musu aiki daga wajen 1922 zuwa 1932. Hotuna ne masu kyau na gaske, launi tsab-tsab, ga Mont Blanc mai tsawon sama da mita 4,800, ga garin Chamonix a gindinsa inda aka yi wasannin Olamfik na hunturu na farko a 1924, ga mata da maza cikin kaya masu tsada suna zamiya a kan ƙanƙara. Aikin afish ɗin a lokacin kamar na ɗan kamasho ne a tasha, ya cika mota kawai, inda za a sauke mutane da abin da za su yi a can ba ruwansa.

To kuma kiran ya karɓu. A 1936 aka ba ma'aikata hutun sati biyu da albashi a shekara, talaka ma ya samu hanyar fita, bayan yaƙin duniya na biyu motoci suka yi yawa, sai a shekarun 1960 gwamnati da kanta ta fito da shirin gina manyan wuraren wasan ƙanƙara can saman duwatsu. Aka hau da katafila aka baje gangare, aka yanka hanyoyi, aka kafa turakun ƙarfe masu jan mutane sama da waya, aka tsayar da dogayen benaye na siminti a wuraren da jiya makiyaya ne kawai ke kai shanu da tumaki in ƙanƙara ta narke. Masu yawon buɗe ido kuma kowa ya sauko da damin fure a hannu, musamman wani farin fure da ake kira edelweiss wanda sai can sama yake fitowa, ya bar gwangwani da kwalba a inda ya ci abinci. Akuyar dutse mai manyan ƙahoni kuwa tun kafin nan mafarauta sun kusa ƙarar da ita, ɗan abin da ya tsira a ɓangaren Italiya ya tsira, a Gran Paradiso, don da can wurin farautar sarkinsu ne ba mai shiga, a 1922 suka mayar da shi gandun ƙasa, wato wurin da doka ta keɓe don kare dabbobi da tsirrai. Kaga kenan Malam, ba ƙashin dutsen ake ɓatawa da farko ba, abin da ke kansa ne, ciyawa da ƙasa da ruwa da dabba da shirun wurin, in waɗannan suka tafi sai a bar ka da tsandauri.

Daga nan ne irin takardar da ke hannunka ta fito. A 1960 suka yi dokar gandun ƙasa, a 1963 aka buɗe na farko mai suna Vanoise, wajen hekta 53,000 a kan iyaka da wancan na Italiya, kuma Samivel na cikin waɗanda suka yi ta fafutuka har abin ya tabbata. Shi ne ma ya rubuta wa masu ziyara ƴan ƙa'idoji cikin harshe mai daɗi ba na ɗan sanda ba, a kashe rediyo a saurari wurin, kar a danna ham, kar a tsinke fure ko a tumɓuke tsiro, kar a ɓata sheƙar tsuntsu, kowa ya koma da shararsa. Abin da ya fi burge ni a rubutun nasa shi ne bai ce wa mutum wurin gwamnati ne ka yi hattara ba, ce masa ya yi wurin nan naka ne.

Amma kar in bar ka da tunanin cewa hoto shi kaɗai ya yi aikin. Shekara shida kacal da buɗe Vanoise, a 1969, aka taso da maganar yanke wani yanki nasa a ba masu gina wurin wasan ƙanƙara. Rigima ta tashi, masana da masu hawan dutse da ƴan jarida suka yi ca, dubun dubatar mutane suka sa hannu a takardar ƙin yarda, aka yi ta ja har 1971 sannan shugaba Pompidou ya yanke cewa ba za a taɓa gandun ba, a shekarar ne kuma suka fara kafa ma'aikatar muhalli. Mutanen da suka sa hannun nan da yawansu ko ƙafa basu taɓa sawa a Vanoise ba, a hoto suka san shi, a hoto suka so shi. Nan ne amfanin afish yake a ganina. Daga baya gandaye suka ƙaru, Ecrins a 1973, Mercantour a 1979, sai dokar duwatsu gaba ɗaya a 1985. Abin da ya gagare su har yau shi ne ɗumamar yanayi, daskararren kogin ƙanƙarar da ke saman Chamonix, Mer de Glace, ya ja baya fiye da kilomita 2 tun tsakiyar ƙarni na 19, har ta kai kafin 2024 mai son ya taɓa ƙanƙarar sai ya sauka matakala sama da 500 daga inda a da take kusa da ƙafarsa.

TAMBAYA: Kawu ni ɗan kasuwa ne a Dole, ba dogon zance. Takardar nan ta tela tana kuɗi? Don nima akwai irinsu biyu a gidanmu na Birni cikin adakar tsohuwa, ɗaya har da hoton jirgin ƙasa a jiki, kuma wani ya taya min jika ashirin na ƙi.

AMSA: Alhaji ka yi daidai da baka yi gaggawa ba, amma kar kuma ka fara lissafin mota tukuna. Tana iya yin kuɗi, tana iya zama ta jika biyu, duk ya danganta da ko bugun asali ce ko kwafi, don hotunan nan an sake buga su ba adadi ana sayar wa masu yawon buɗe ido. Bugun asali na Broders mai lafiya a wurin gwanjo a Turai yana kai dubban yuro, kuma yuro 1,000 kaɗai ya haura sefa 655,000. Na kare muhalli na shekarun 1960 da 1970 basu kai nan ba saboda sun fi yawa kuma basu tsufa haka ba, amma suna da masu nema.

Ga yadda zaka fara dubawa. Tsofaffin ba da injin irin na yau aka buga su ba, a kan shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa ake zanawa da alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen, tawada ta kama inda maiƙon yake ta ƙi inda ruwa yake, sannan a danna takarda, kuma kowane launi da dutsensa, in launi shida ne takardar sau shida zata shiga. Wani Bajamushe Alois Senefelder ne ya gano dabarar a 1796, Jules Chéret kuma ya mayar da ita sana'ar afish mai launi a Paris. Saboda haka ka ari gilashin ƙara girma wurin mai gyaran agogo ko mai gyaran waya ka duba launin, in ka ga ya kwanta sumul ko da ɗan burtsi-burtsi mara tsari to alama ce mai kyau, in kuwa ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere reras kuma takardar na iƙirarin ta 1920 da wani abu ce, to kwafi ce. Sai dai wannan gwajin bai hau kan ta tela ba fa, don a shekarun 1960 zuwa sama bugun asalin ma da yawa da injin ɗigo aka yi shi. Ka duba can ƙasa a bakin takarda, yawanci akwai sunan maɗaba'a da garinta da ƙananan baƙaƙe. Ka auna ta, na jirgin ƙasa galibi wajen santimita 100 ne a 62, in ka ga ƙarama mai sheƙi da kauri irin na kalanda to ka san sabuwa ce. In kuma an rubuta PLM to asalin hoton ya riga 1938, shekarar da kamfanin ya narke cikin SNCF, kamfanin jirgin ƙasa na gwamnatinsu.

Ko tana kuɗi ko bata yi, don Allah kar a kai ta a yi mata leda mai zafi irin ta katin ɗan ƙasa, an kashe ta kenan har abada. Kar a liƙe yagewa da salatif, kar a rataye ta inda rana ke duka don shuɗi da ja tashi suke. A shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu masu tsabta, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da laimar damina, a dinga leƙawa. Wanda duk yace ka turo masa ita ko ka fara biyan kuɗin bincike kafin ya saya, ka rabu da shi.

TAMBAYA: Kawu da girmamawa, ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou kuma gaskiya raina bai so ba da na ga kun ba hoton nan shafi guda. Mutanen da suka mulke mu suka kwashe arzikinmu, yau mu ne za mu zauna muna yaba yadda suka kare duwatsunsu? Su sun kare nasu sun zo sun haƙe namu. Ƙanƙara ina ruwanmu da ita, mu da ko ruwan famfo sai mun kwana a layi. A ganina wannan sauran tunanin mulkin mallaka ne wlh.

AMSA: Ɗana ban ji haushin wasiƙarka ba ko kaɗan, rabin maganarka ma ina tare da kai, kuma bari in ƙara maka hujja. Da bindiga suka shigo Damagaram a 1899, nan ne mazaunin mulkinsu daga 1911 har 1926 da suka koma Yamai. Dokar daji da suka shimfiɗa wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu a 1935 ta mayar da daji na hukuma, aka jera wasu itatuwa aka ce ba mai sara sai da takarda ko da a tsakiyar gonarka suke, bayan ƴancin kai ma dokar 1974 ta bi sawun nan. Ka tambayi tsofaffi a ƙauye su gaya maka abin da ya biyo baya, manomi in ya ga ɗan gawo ya tsiro sai ya yi maza ya cire shi tun ma'aikacin gandun daji bai gani ba, don in ya girma ba nasa ba ne kuma tara zai jawo masa. Dokar da aka yi wai don kare itace ita ta sa ake kashe shi tun yana ɗan tsiro.

Abin da nake so ka sani shi ne irin wannan suka fara yi wa nasu talakawan. Bayan mummunar ambaliyar 1856 aka gane cewa gangaren da aka aske itatuwansu su ke turo ruwa da laka kan garuruwa, sai a 1860 aka yi dokar sake dasa itace a duwatsu, ma'aikatan gandun daji na Eaux et Forêts, sunan da kai ma ka sani a nan, suka hau suna karɓe makiyayar ƙauyuka suna dasawa. Makiyayan suka ƙi, aka yi ta tashin hankali, sai da aka sassauta a 1864 sannan aka sake dokar a 1882 ta yadda gwamnati sai ta sayi fili kafin ta taɓa. Kai har Vanoise ɗin da na ambata, a 2015 da aka kai wa garuruwa 29 da ke kewaye da shi yarjejeniyar gandun, biyu kacal suka sa hannu, saura suka ce an yi abin ne don mutanen birni su kuma an ɗaure musu hannu. Don haka ba yabo na zo yi ba, labarin akwai nasara akwai kuskure kuma duka biyun suna da amfani a wurinmu.

Mu kuma muna da abin da su ya kamata su zo su koya. Ka hau mota ka bi ta Mirriya, Matamai, Magariya ka ga gawo a gonaki. Daga tsakiyar shekarun 1980 da hannun hukuma ya yi sanyi manoma suka fara jin itacen gonarsu nasu ne, sai suka koma barin tsiro suna sassabe masa suna rainonsa, masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin ƙasar nan, mafi yawa jihohin Damagaram da Maraɗi. Ba afish ba, ba katafila ba, mutum ne kawai ya tabbata abin nasa ne. A Adar kuma tun 1984 a Keita mata da maza suka yi ta ɗaukar dutse a ka suna jera shi a gangare don tare ruwa.

Inda na rabu da kai shi ne cewa ba ruwanmu. Ƙanƙara kam ba ruwanmu, amma duwatsu muna da su. Muna da Ayar, inda Bagzan ya haura mita 2,000, an mayar da yankin gandu tare da Tenere a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Muna da Kutus da Muniyo ta wajen Gure. Muna da Termit a arewa maso gabashin jiharmu, wanda a 2012 aka yi masa gandu na kusan murabba'in kilomita 97,000, can ne ragowar farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks take, wadda a duk duniya waɗanda suka rage a daji, ban da waɗanda aka kiwata aka sake daga baya, basu kai 100 ba. A 2019 aka sake shata iyakar gandun saboda filayen man fetur. Ban ce ƙasa bata buƙatar kuɗin mai ba, tana buƙata ƙwarai, amma ka gaya min tsakani da Allah mutum nawa ne a ajinku suka ji labarin a lokacin, mutum nawa ne in aka nuna musu hoton Termit za su gane shi? Wannan ne yake ci min rai. Yaro a Faransa ya tashi da hoton dutsensu a bangon aji, namu yaron zai iya gama jami'a a Damagaram bai taɓa ganin hoton dutsen jiharsu ba, to ranar da za a yanke hukunci a kansa wa zai buɗe baki? Kai da abokanka ku ne masu waya mai kyamara da ilimin da za ku cike wannan giɓin, kuma ba sai kun nemi izinin Paris ba.

TAMBAYA: Ina gaisuwa Kawu. Ni malama ce a wata lakwal firamare kusa da Birni, ina riƙe da ajin CM2. Da na nuna wa yara hoton sai suka ce su ma suna so su zana duwatsun unguwarmu, don bayan lakwal ɗinmu tsakanin duwatsu ya zama bola da makewayi, ga leda ko'ina. Ta ina zan fara? Bamu da kuɗin buga takarda.

AMSA: Madam Allah ya saka da alheri, wannan ce wasiƙar da ta fi faranta min rai. Rashin kuɗin bugu ma kar ya dame ki, takarda a garin nan in iskar hunturu bata yage ta ba akuya zata cinye ta, bango ya fi. Ki nemi izinin darakta a ba ku bango ɗaya mai kallon hanya, ki je wurin masu zanen allon shaguna da bayan kamiyo, akwai gwanaye a garin nan da ba a ba su girman da ya kamace su, ɗaya daga ciki zai iya ɗaukar zanen yaran ya faɗaɗa shi da gwangwanin fenti uku ko huɗu. Abu ɗaya dai, kar a shafa fenti a jikin dutsen kansa ko da kalmar kirki ce za a rubuta, tallace-tallace da sunayen ƴan takara da aka riga aka ɓata wasu da su sun isa.

Kafin su zana ki fita da su da sassafe su zauna su kalli dutse guda. Su ga yadda wani ƙato yake zaune a kan ɗan ƙarami shekara da shekaru bai faɗo ba, su ga launinsa lokacin da rana ke fitowa da yadda yake komawa toka-toka da hantsi, ƙadangaren da ke shanya a kai, ɗan itacen da ya fasa tsaga ya fito, da baƙar ledar da ta maƙale a ƙaya tana kaɗawa. Kar su zana dutse mai tsini da farin kai irin na Faransa, nasu za su zana, mulmulalle, yadda duk wanda ya wuce zai ce ai wannan na bayan gidan su wane ne. Magana kuma ɗaya tak, gajera, da Hausa, a rubuta ta da boko a rubuta da ajami don tsofaffi da almajirai su ma su karanta, kuma ki bar yaran su nemo ta da kansu, abin da yaro zai faɗa ya fi namu shiga rai.

Ki haɗa musu da darasin ruwa, don a nan ne abin ya shafi tukunyar kowa. Garin nan a kan dutse mai tauri yake zaune shi yasa rijiya bata ba da ruwan kirki, sai daga nesa ake turo mana, Gogo da Machaya, Arunguza, Ganaram. Ruwan saman da ya faɗo kan dutse kuwa gangarowa yake da gudu, ɗan ciyayi da ƙasar da ke tsakanin duwatsu su ke rage masa ƙarfi, in aka kwashe su leda kuma ta toshe magudana sai ya faɗa gidajen mutane. Tun 2014 akwai dokar hana irin ledar nan mara kauri a ƙasar nan, amma ke ma kin ga inda aka kwana.

Sai abin da nake roƙonki da shi musamman, kar zanen ya zagi kowa. Watakila a ajin naki akwai yaron da uwarsa fasa dutse take, tun asuba tana zaune a rana da guduma, ta ɗaure yatsu da tsumma, tana tara tsakuwa ɗan tsibi-tsibi mai baro ya zo ya saya, da kuɗin ne aka sai masa kaye da biro. In bango yace masu fasa dutse maƙiyan gari ne kin rasa yaron kin rasa unguwar. Maganar inda ya halatta a fasa da inda za a bari ta meri ce da masu unguwa da fada, su ya kamata su zauna su ware. Haka masu zagayawa bayan dutse, yawanci rashin makewayi ne a gida ko a tsangaya, saboda haka ki sa ƙungiyar iyayen yara su kai wa mai unguwa maganar tun kafin a fara fenti, a kuma tsayar da ranar da za a yi gayyar kwashe bolar, in ba haka ba za a wayi gari da hoto mai kyau a bango da shara a gindinsa. In kuka shirya da wuri kuna iya buɗe bangon ranar 3 ga Agusta, ranar bikin itace ta ƙasa, ku haɗa da dashen itace, yaran suna hutu amma in aka gaya musu za su zo, kuma a ba kowane itace yaro ɗaya da zai dinga ba shi ruwa da ƙaya ta kare shi daga awaki. In an gama ki turo mana hoton tare da zanen yaran na kan kaye, za mu buga su a wannan shafin in sha Allahu.